Kujera Ɗaya a Jirgin Yola

Badaru mutum ne mai zargi, kuma bai taɓa ɗaukar hakan a matsayin aibi ba. In ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya wuni yana tunanin me kake nema a wurinsa. In mai gadi ya ce motarsa ta yi kyau, sai ya zagaya ya duba tayoyin. A hukumar da yake aiki a Abuja, wadda ke sauraren koke-koken masu saye da biya, Malam Me-ya-sa ake ce masa a bayan idonsa. Ya san da sunan, kuma har cikin ransa yana masa daɗi.

Shekarar kuwa ta masu zargi ce. Ana yaƙi can Gabas ta Tsakiya, ɗanyen mai ya yi tsada, kuɗi na ta shigowa ƙasa, Abuja ko'ina ka duba gini ake ɗorawa. Amma man jirgin sama, da yake daga waje ake shigo da shi, ya zama abin nema ido rufe. Kamfanonin jirage suka ninka kuɗin tikiti, suka sake ninkawa, da ka buɗe baki sai a ce maka ai yaƙi ake yi. Wanda ya fi kowa kuka shi ne kamfanin Shamuwa. Manyansa sun zo gaban kwamitin da Badaru ke jagoranta, suka marairaice, suka rantse da abin da zai kashe su cewa faɗuwa suke yi. Ba a jima ba jaridu suka fito da hotonsu a wani otal, suna yanka kek, suna raba wa masu hannun jari ribar da kamfanin bai taɓa gani ba. Badaru ya yanke hoton ya manna a bangon ofishinsa, saitin inda baƙo ke zama.

Ya bi diddiginsu, ya gano yadda suke yi. Jirage biyu da ke zuwa gari ɗaya a rana sai a mayar da su ɗaya, a ce babu mai, kujera ta zama gwal. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne na filin jirgi: talaka ya sayi tikitinsa, har an ba shi katin shiga, sai a karɓe a ce za a gyara wani abu, a bai wa wani babba kujerar. Shi kuma a ce masa ya dawo gobe. Duk wannan yana cikin rahoton da kwamiti zai miƙa ranar Litinin, sa hannun Badaru kawai ya rage.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba wayarsa ta yi ƙara. Ɗangoggo ne, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai shagon shinkafa da man gyaɗa a Masaka, nan kusa da Abuja. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa kamar mutane ba, kamar yadda aka san taubasai da yi. Badaru na ce masa bawa, shi kuma tun da Badaru ya kama aikin gwamnati ya laƙaba masa Ɓarawo, ko a gaban wa.

"Ɓarawo, tashi," in ji shi. "Tsohuwa ta tafi."

Badaru ya zauna a bakin gado, ya yi ta salati. Goggo Rekiya ita ta haifi Ɗangoggo, amma ita ta goyi Badaru bayan rasuwar mahaifiyarsa, a ɗaki ɗaya ta raine su a Jimeta ta Yola, a kwano ɗaya. Da kuɗin ƙosanta aka kai Badaru makaranta, ɗan cikinta kuwa aka kai shi kasuwa. Ba a taɓa yin zancen ba, sai dai in Ɗangoggo ya sako shi cikin wasa.

"Kawu Mato ya ce za a jira mu zuwa la'asar," in ji Ɗangoggo. "Ya ce ko Shugaban ƙasa ne ba za a ƙara masa ba. Mu haɗu a gida."

Ya kashe wayar. Badaru bai tambaye shi ta ina zai bi ba. A ransa ya riga ya yanke cewa tashar mota zai nufa, ya isa cikin dare ko gobe, don daga Abuja zuwa Yola a mota tafiyar yini ce cur. Bai taɓa kawo wa ransa Ɗangoggo a jirgi ba.

Shi kuma maimakon ya miƙe filin jirgi, sai ya yi abin da ma'aikaci ya saba. Ya fara zuwa ofis neman izini. Darakta ya yi masa ta'aziyya, ya dafa kafaɗarsa, ya ce kada ya damu, Allah zai kawo hanya. Badaru na juyawa ya ga hannun Darakta ya nufi kan waya, ya kuma lura da hakan, don babu abin da ba ya lura da shi. Daga nan ya wuce Wuse, wurin Solomon, wanda ke yanko wa hukumarsu tikiti a wani ɗan shago bayan kasuwa. Solomon ya buga nan, ya buga can, ya girgiza kai.

"Oga, jirgin Yola ɗaya ne yau, na Shamuwa, kuma ya cika tun safe. Akwai bikin wani babban mutum gobe, duk sun kwashe. Ko ta Maiduguri na duba, babu."

Badaru ya fito ya tsaya a bakin titi, tasi masu kore da fari na ta masa hon. Rana ta fara ɗagawa. Ya ga Goggo a idon zuciyarsa, an yi mata wanka, an naɗe ta, tana jira, shi kuma yana tsaye a Wuse da jaka a hannu. Ƙwalla ta cika masa ido, bai damu da masu kallo ba.

Sai wayarsa ta yi ƙara, lambar da bai sani ba.

"Oga Badaru? Edward ne, daga Shamuwa, na public relations. Mun haɗu a committee. Oga, sorry fa, mun ji mama ya rasu. Allah ya jiƙan shi."

Badaru ya gane muryar. Ya tuna mutumin sarai, wani mai santsin baki da ke zama bayan manyan kamfanin yana miƙa musu takardu.

"Wa ya gaya maka?"

"Haba Oga, Abuja ƙaramin gari ne. Chairman ya ce ba zai yiwu mutum kamar kai ya rasa burial na mama ba. Ka zo airport, za mu samo maka seat."

"An ce jirgin ya cika."

"Ya cika, Oga. Amma ka zo."

Badaru ya ce zai kira shi. Ya shiga mota ya zauna bai tayar ba. Wa ya kai labari? Solomon, da ya shiga ciki da waya a kunne? Darakta, da hannunsa ya nufi waya? Ko sakatariyarsa, da aka ce ƙanenta na neman aiki a filin jirgi? Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga ya dace da laifin. Abu ɗaya ne bai buƙaci bincike ba: ya san abin da suke so, kuma ya san ranar Litinin suke so.

Ya kira matarsa Zuhra ya gaya mata. Ta ce, "Baban Ameera, ka biya kuɗinka mana. Wanda ya biya ai saye ya yi, ba kyauta aka ba shi ba. Matar nan ta goya ka. In ba ka je ba, har ka mutu ba za ka yafe wa kanka ba."

Maganar ta zauna masa, don dama irinta yake nema. Ya kira Edward ya ce zai zo, amma da sharaɗi, zai biya kuɗin tikiti cif, kuma a ba shi rasit. Edward ya yi dariya mai taushi ya ce ba matsala, kuɗi ai ba shi ne wahala ba. Badaru ya ji wannan ma, ya fahimce ta, ya yi kamar bai ji ba. Mutumin da ya rubuta da hannunsa yadda ake samo kujera a jirgin da ya cika, yau ya tuƙa mota har filin jirgi bai yarda ya tambayi kansa ta wa za a samo ba.

Zauren filin jirgin a cike yake, ga zafi, ga hayaniya. A gefe guda masu manyan riguna da matansu, 'yan biki, sai ƙamshin turare suke, ma'aikata na ɗaukar musu jaka. A gaban kantar Shamuwa kuma cincirindon mutane ne, kowa na ɗaga tikiti yana magana, yarinyar da ke bayan kanta na maimaita musu cewa matsalar mai ce, su yi haƙuri. Edward ya tarbi Badaru tun daga ƙofa, ya karɓi jakarsa, ya karɓi kuɗin, ya kawo rasit da hannu biyu. Badaru ya duba rasit ɗin gaba da baya, ya ninke ya sa a aljihu, ya ji kamar ya wanke hannunsa.

"Oga, ta nan za mu bi, ba sai ka shiga layi ba."

Suna cikin ratsa mutane ya ji an ce, "Ɓarawo!"

Ɗangoggo ne, jingine da kanta, sanye da rigarsa ta Juma'a, da 'yar leda a hannu. Idanunsa sun yi ja, amma bakinsa na ƙoƙarin yin irin murmushin da ya saba.

"Kai kuma me kake yi a nan?" in ji Badaru.

"Jirgi zan hau, ko an hana 'yan Masaka? Daga gama waya da kai na kwashe abin da ke shago na taho. Ni ne na farko a layi. Har sun ba ni kati, na ce wa yarinyar ban taɓa hawa ba, ta ba ni ta jikin taga, ta ce saura ɗaya can ƙarshe kusa da bayi. Na ce ko cikin bayin ne a ba ni." Ya share fuska da tafin hannu. "Ɗazu suka zo suka karɓe, wai za su gyara. Yanzu sun ce in dawo gobe. Wani ɗan dako ya ce min wani babban mutum aka bai wa."

Ya dubi Badaru, ya dubi Edward da ke riƙe da jaka, ya sake duban Badaru.

"Ko kai ne, Ɓarawo? Ka ci kuɗin ƙosai, yau kuma ka sace min kujera?"

Ya faɗe ta ne da muryar wasa, irin wadda ya yi shekaru yana faɗa masa a gidan biki da gidan suna. Ba shi da wata muryar da zai yi wa Badaru magana da ita, ba su taɓa koyon wata ba. Kuma wasan taubasai yana da ƙa'ida: in an jefo maka, ka rama, wanda ya ɗauka da zafi shi ya ji kunya. Badaru ya waiwaya. Ga Edward a gefensa, kalma ɗaya ta isa ya tambaye shi kujerar wa ce. Ya duba kanta, mutanen da aka hana sun fi a ƙirga da yatsu, ya ce a ransa ba lallai ta wannan ba ce. Daga nan ya fake a bayan wasa, don wasan ya ba shi wurin fakewa.

"Bawa da jirgi?" ya ce, yana ƙaƙalo dariya. "Ai sun gan ka ne suka ji tsoron kada ka buɗe taga ka tofar da yawu. Tsaya nan, bari in shiga in yi musu magana."

Ɗangoggo bai rama ba. Wannan ne karo na farko da Badaru ya jefa masa magana ta faɗi ƙasa. Ya dai gyaɗa kai ya ce, "To, ina jira."

Da suka shige ta ƙaramar ƙofa Badaru ya ce wa Edward, "Ɗan'uwana ne wancan. Mahaifiyarsa ce ta rasu. A samo masa wuri."

"Eyya! Oga, I will try, wallahi zan gwada. Ka dai shiga tukuna, suna rufe ƙofa."

Ya kuwa shiga. Yana hawa matakala yana gaya wa kansa cewa manyan baƙi a gaba ake ajiye su, in aka zaunar da shi a gaba to ba shi ba ne. Ma'aikaciyar jirgi ta karɓe shi da fara'a, ta ratsa da shi ta gaban, inda 'yan biki suka baje suna hira kan hannun jari, wani na cewa yaƙin nan in ya ƙara shekara ɗaya ya gama gininsa na Maitama. Ta wuce da shi tsakiya. Ta yi ta tafiya yana bin ta, har suka kai ƙarshe. Ta nuna masa kujerar jikin taga, bayanta ƙofar bayi.

"Sorry sir, ita kaɗai muka iya samowa."

Ya tsaya riƙe da kan kujerar. Ƙofar jirgi a buɗe take har yanzu, yana hango hasken rana ta cikinta. Ya san in ya juya ya fita, ya ce a kira mai kujera, za a kira shi. Ya kuma san in ya fita, Goggo za ta shiga ƙasa ba ya nan. Wani na kusa da shi ya ce, "Malam, a zauna mana." Ya zauna, ya ɗaura bel, ya ja marfin tagar ya rufe. Har suka sauka Yola bai buɗe ba.

Ya isa gida ana kiran la'asar. Kawu Mato, ƙanen Goggo, ya riƙe hannunsa ya ce, "Alhamdu lillahi. Ina ɗan'uwanka?"

"Yana hanya," in ji Badaru.

"Hanya! Tun asuba aka gaya masa." Kawu ya yi tsaki. "Shago ya tsaya rufewa, na san shi. A fito da ita."

Aka yi sallah, aka ɗauki makara. A maƙabarta da aka ce 'ya'yanta su matso, Badaru kaɗai ya matso. Shi ya shiga ramin, shi ya karɓe ta, ba ta da nauyi ko kaɗan, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla. Ya yi kuka sosai, kuma kukan na gaskiya ne, babu mai cewa ba ya son ta. A hanyar dawowa ya ji dattawa na cewa ka ga ɗan halak, daga Abuja ya biya kuɗin jirgi a wannan tsada, wanda ta haifa kuwa ko ƙeyarsa. Ya kira wayar Ɗangoggo ya ji ta a kashe, sai ya ji wani sauƙi, ya kuma ji kunyar sauƙin.

Washegari da hantsi ana zaman makoki a ƙofar gida Edward ya kira. Ya tambayi ko an samu jana'iza, ya ce Chairman ya yi murna ƙwarai, ya ce na ɗan'uwan nan ne bai yiwu ba, amma za a mayar masa da kuɗinsa. Ya ce kujerar dawowa ma tana nan an ajiye, ranar Lahadi, don sun san Oga na da aiki Litinin. Bai ambaci rahoto ba ko sau ɗaya. Badaru ya ce ya gode, ya ji kalmar ta fito daga bakinsa da kanta.

Yana mayar da wayar aljihu ɗan acaɓa ya tsaya a bakin layi. Ɗangoggo ya sauko, rigar Juma'ar nan ta yi duƙun-duƙun, ledar na hannunsa. A motar kaya ya kwana. Ya cire takalmi ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa. Kawu Mato bai bari ya zauna ba, ya hau shi da faɗa a gaban jama'a, ya ce uwa guda gare shi amma ya kasa barin shinkafa ya zo ya binne ta, ya dubi ɗan'uwansa ya yi koyi. Ɗangoggo ya sunkuyar da kai yana cewa a yi haƙuri. Bai ce jirgi ba, bai ce kujera ba. Badaru ya buɗe baki, ya dubi dattawan da suka wuni suna sa masa albarka, ya rufe.

Da Ɗangoggo ya iso kansa sai Badaru ya yi saurin riga shi, ya miƙa hannu, ya ce a hankali, "Bawana, ka iso?"

Ya jira a ce masa Ɓarawo. Bai taɓa son jin wata kalma kamar yadda ya so jin wannan ba, da an faɗe ta ko da ƙarfi ne, ko a gaban kowa. Ɗangoggo ya durƙusa a gabansa kamar yadda ya durƙusa wa dattawa, ya karɓi hannun da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ya haƙuri? An ce kai ka sa ta a kabari. Allah ya saka da alheri."

"Tashi mu je in nuna maka wurin," in ji Badaru.

"A'a, ranka ya daɗe, ka huta, ka sha hanya."

Ya miƙe, ya sa takalminsa, ya roƙi Kawu Mato ya raka shi maƙabarta.